ZUMUNCIN MARUBUTA MATA: YABO KO GYARA?

Masu iya magana sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A 'yan shekarun nan da wuya a sami fagen da wannan magana ta fi tabbata kamar fagen rubutun ƙagaggun labarai na Hausa, inda mata suka yi yawa ƙwarai, suka kuma haɗa kawunansu cikin ƙungiyoyi da zaurukan wayar hannu, suna kiran juna Anti da Yaya da Uwar ɗaki, alhali wasunsu ba su taɓa yin ido biyu da juna ba. Idan ɗaya ta haihu a yi mata barka, idan ta yi rashi a yi mata ta'aziyya, idan kuwa ta fitar da sabon littafi sai a yi ta zuba mata yabo kamar ruwan Agusta. Duk wannan zumunci ne, kuma ba mai hankalin da zai ƙi shi. Sai dai akwai tambaya guda da nake son mu tsaya mu duba tare da mai karatu, wato wane haƙƙi ne marubuciya take da shi a kan 'yar'uwarta marubuciya? Shin yabo take bin ta, ko kuwa gaskiya?

Kafin a amsa wannan tambaya, adalci shi ne a fara tuna dalilin da ya sa matan suke matuƙar bukatar juna. Gasar rubutu da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu, maza ne zalla suka ci ta. Sai a 1980, wato bayan shekara arba'in da 'yan kai, kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed, wanda masana suke ɗauka a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Bayan wannan kuma sai tattalin arzikin ƙasa ya shiga mawuyacin hali, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya, ya zamana duk mai son ganin littafinsa a kasuwa sai ya nemi kuɗi ya kai wa maɗaba'a da kansa. A irin wannan yanayi ne Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, daga baya Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta fito da Allura Cikin Ruwa.

Waɗannan bayin Allah ba a shimfiɗa musu tabarma ba. An kira aikinsu adabin kasuwar Kano, an yi ta muhawara a jaridu cikin shekarun 1990 a kan ko ya cancanci a kira shi adabi ma, an kuma zarge su da ɓata tarbiyyar 'yan mata. A 2007 har ƙona littattafan Hausa aka yi a bainar jama'a a Kano, sa'an nan hukumar tace finafinai da ɗab'i ta jihar ta nemi marubuta su riƙa yin rajista. Wanda duk yake cikin irin wannan tsaka mai wuya dole ya nemi ɗan'uwa. Shi ya sa aka sami ƙungiya irin Raina Kama a Kano, inda Hajiya Balaraba ta zauna tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba, suna tallata littattafan juna a cikin nasu littattafan. Daga baya matan suka kafa nasu na kansu, irin su Kallabi da Mace Mutum. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Mu da muke nan Birnin Kebbi da Argungu mun fi kowa sanin darajar wannan haɗin kai, domin kuwa muna nesa da inda ake bugawa da inda ake sayarwa. A da, yarinyar da Allah Ya ba baiwar rubutu a Badariya sai ta cika littafin rubutu na makaranta da labari, ƙawayenta su karanta har bangon ya yage, daga nan maganar ta mutu. Wa zai ɗauke ta ya kai Kano, ya bi ta Sakkwato da Gusau da Funtuwa, ya nemo mai buga mata? Wayar hannu da ta shigo ƙasar nan a 2001, da abubuwan da suka biyo bayanta irin su Facebook da WhatsApp da Wattpad, su suka rushe wannan katanga. Yau matar aure tana cikin ɗakinta za ta rubuta shafi bayan ta kwantar da yara, kafin gari ya waye an karanta shi a Katsina da Maraɗi da Jidda. Wata da ba ta san ta ba za ta koya mata yadda ake sa wa littafi farashi, wata ta sanar da ita ranar rufe gasa, kamar gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarinta mai suna Sansani. Duk wanda ya raina wannan alheri bai san irin kaɗaicin da aka fito daga cikinsa ba.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce mun ɗauko wata tsohuwar al'adarmu ta mata mun shigo da ita cikin rubutu ba tare da mun lura ba, wato al'adar biki. Kowace mace ta san yadda abin yake. Ranar sunanki ƙawarki ta kawo miki dubu biyu, ranar nata ke kuma sai ki kai mata dubu huɗu, wasu ma har littafi suke ajiyewa suna rubuta wadda ta kawo da abin da ta kawo. A sha'anin aure da haihuwa wannan al'ada tana da amfaninta, domin tana rage wa mai hidima nauyi. Amma da ta shigo cikin rubutu sai ta zama ki yabi nawa in yabi naki. Na ce littafinki ya yi daɗi, ke kuma ranar da nawa ya fito ki ce ba a taɓa yin irinsa ba. Ta haka yabo ya tashi daga shaida ya koma bashi, kuma bashi biyansa ake yi ko an karanta littafin ko ba a karanta ba. Wadda ta yi shiru an ce tana da girman kai, wadda ta ce akwai gyara a shafi kaza an ce 'yar baƙin ciki ce.

Wani zai ce mene ne abin damuwa a ciki, tun da yabo ba ya kashe kowa? Ni malamar makarantar sakandare ce, kuma abin da wannan biki yake haifarwa a kan teburina yake ƙarewa. 'Yan matanmu suna karanta labaran waya fiye da yadda suke karanta littattafan da aka wajabta musu, kuma abin da ido ya saba gani shi hannu yake rubutawa. Sai ka ga ɗaliba ta rubuta kasa a inda take nufin ƙasa, ta rubuta baki a inda take nufin baƙi, ta haɗe "na ce" da "shi ne" su zama kalma guda, ta raba "yana" gida biyu, ta kuma cusa Ingilishi a tsakiyar jimla inda Hausa take da kalmarta. Idan ka ja mata jan biro sai ta ce ai haka marubuciya wance take rubutawa, kuma kowa yana yabonta. Ranar jarrabawar WAEC ko NECO mai duba takarda bai san wance ba, maki kawai zai rage.

Wannan ma mai sauƙi ne idan aka kwatanta da kuskuren da ya shafi rayuwa. Labari yana shiga inda wa'azi da darasi ba sa shiga. Alal misali, idan marubuciya ta rikita iddar saki da takabar wadda mijinta ya rasu, wadda take wata huɗu da kwana goma, ko ta sa jarumarta ta warke daga hawan jini na masu juna biyu ta hanyar wani haɗi da ta ji a bakin mutane, akwai mai karatun da za ta ɗauki abin a matsayin ilimi. Kafin wannan shafi ya fita duniya, mata nawa ne 'yan ƙungiyarta suka gan shi? A cikinsu da wuya a rasa malamar Islamiyya ko ma'aikaciyar jinya da ta ga kuskuren. Idan ta yi shiru don kada a ɓata zumunci, to alhakin mai karatun nan a wuyan wa yake? A ganina ba marubuciyar kaɗai ce za ta ɗauka ba.

Sai dai masu kare wannan al'ada ta yabo suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Na farko suna cewa marubuciya mace tana da isassun masu suka a waje, daga dangin miji da suke ganin rubutu zubar da mutunci ne, zuwa masanan da suke yi wa aikinta kallon raini, saboda haka idan ta shigo cikin 'yan'uwanta mata ya kamata ta sami inuwa. Na biyu suna cewa sabuwar marubuciya kamar dashe take, idan aka yi mata rana mai zafi tun tana ƙarama sai ta bushe, kuma mata da yawa sun ajiye alƙalami saboda magana guda mai ɗaci. Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, suna cewa abin da ake kira gyara sau da yawa hassada ce ta yafa mayafi. Kowa ya ga yadda wata kan ɗauko kuskuren wata ta baza shi gaban ɗaruruwan mutane, da sunan kishin harshe, alhali ainihin abin da yake cin ta shi ne waccan ta fi ta masu karatu.

Duk waɗannan gaskiya ne. Amma idan muka duba da kyau za mu ga cewa abin da suke tsoro tozarci ne, kuma tozarci daban gyara daban. Hausawa sun san darajar rufin asiri, sai dai rufin asiri yana nufin ka kare ɗan'uwanka daga idon duniya, ba ka ɓoye masa abin da yake jikinsa ba. Idan ƙawarki za ta fita unguwa kika ga zanenta ya yage ta baya, rufin asiri shi ne ki ja ta gefe ki raɗa mata tun ba ta kai ƙofar gida ba. Wadda ta ce mata kin yi kyau ta bar ta ta fita haka nan, da wadda ta jira sai ta kai tsakiyar kasuwa sa'an nan ta yi shewa, dukkansu biyu sun ci amanarta, ko da yake ta farkon ta yi da murmushi. Ashe ke nan abubuwa uku ne suke raba gyara da tozarci, wato lokaci da wuri da niyya. A yi shi kafin littafi ya fita, a yi shi tsakanin mutum biyu, a kuma yi shi don littafin ya gyaru.

Mu mutanen fadamar Rima manoman shinkafa ne, mun kuwa san cewa taya aiki ba ya ƙarewa a wurin yanka da sussuka. Bayan an turara an shanya an surfe, sai an bakace an fitar da ƙaiƙayi, sa'an nan a zauna da faifai a tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne aikin da ya fi gajiyar da ido da baya, kuma ba a yi masa guɗa. Maƙwabciyar da ta zo taya ki ta tsaya tana yaba farin shinkafar, ta bar miki tsakuwa a ciki, ranar da baƙo ya tauna ya dafe haƙori sunanki za a kira, ba nata ba. Haka rubutu yake. Mai ƙaunar marubuciya ita ce wadda za ta ba da daren ta guda ta karanta shafi ɗari da biro a hannu, ta ce nan kin maimaita kanki, nan kin manta kin kashe wannan tsohuwar a babi na uku ga ta kuma tana magana a babi na tara.

Ba sai mun je nesa neman abin koyi ba, domin tarihin wannan yanki namu ya ajiye mana shi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru tun wajen shekarun 1830. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle a matsayin alama. Jajin nan ita za ta jagoranci mata da 'yan mata su taka da ƙafa zuwa wurin Nana, su koyi waƙoƙin karantarwa, su koma su koyar da waɗanda hidimar gida ta hana fita. Bayan rasuwarta 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da riƙe tsarin. Mai karatu ya yi tunani, ta yaya waƙa za ta yi irin wannan tafiya daga baki zuwa baki ba ta gurɓace ba, in ba don ana tsayar da mai harda ana gyara mata har sai ta daidaita ba? Abin da ya ɗaure matan nan shi ne amanar ilimin da suka ɗauko, kuma wannan amana ita ta haifar da ƙaunar da ke tsakaninsu.

Ita kanta Nana ba ta yi aiki ita kaɗai ba. Ta fassara waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa, ɗan'uwanta Isa ya mayar da wasu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa, ta kuma yi musayar ilimi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo. Ba kuma a ce ba ta yabo ba. Ta yi wa mata marsiyya, ciki har da wata jajinta mai suna Hauwa'u da maƙwabciyarta Halima, mata waɗanda ba 'ya'yan sarauta ba ne, ta ambaci halayensu da ayyukansu. Wannan shi ne yabon da yake da nauyi, domin an yi shi ne a kan abin da aka sani aka kuma shaida, ga waɗanda ba za su iya rama biki ba. Yabon gwani ya zama dole, amma idan aka yabi kowa da kalma iri ɗaya, to gwanin aka zalunta.

A wasu ƙasashen ma an gwada wannan hanya an ga amfaninta. A Yuganda marubuta mata sun kafa ƙungiyar FEMRITE a tsakiyar shekarun 1990 ƙarƙashin jagorancin Mary Karooro Okurut, suka kafa maɗaba'arsu, suka kuma riƙa zama mako-mako a Kamfala ana karanta rubutun juna ana tattaunawa a kansa. Ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, Monica Arac de Nyeko, ta ci kyautar Caine ta gajerun labaran Afirka a 2007. Mu ma muna da shaidar cewa aikinmu yana iya ƙetare teku, tun da Alhaki Kwikwiyo Ne na Hajiya Balaraba, wanda ya fito a 1990, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga shi a Indiya a 2012. Littafin da za a ɗauka a kai wa baƙin ido kuwa sai wanda zai jure bincike.

Akwai kuma wani ma'auni da ake gane zumuncin gaskiya da shi, wato abin da ya ci wa mai yinsa. Yabo a waya ba ya cin komai, taɓa allo ne kawai. Amma sau nawa marubuciya takan sa wa littafinta 'yan ɗaruruwan naira, ta ce don Allah kada a fitar, kafin kwana biyu ta tsince shi yana yawo kyauta, kuma a bincika a tarar daga cikin masu yi mata kirari ne aka fitar da shi? Matar nan wataƙila da kuɗin take sayen maganin mahaifiyarta ko biyan kuɗin makarantar ɗanta. Ƙasar nan tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, amma wace matar aure ce a Badariya za ta ɗauki lauya a kan littafin naira ɗari biyar? Katangar da ta rage mata ita ce amanar 'yan'uwanta. Wadda ta sayi littafin da kuɗinta, ta ƙi tura shi, ta kuma tsawata wa mai turawa, ta fi mai yabo dubu amfani.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwana mata marubuta ita ce, tun da mun iya adashi, mu kafa adashin karatu. Mata biyar ko shida su haɗu, kowane wata a ɗauki rubutun mutum ɗaya tun bai fita ba, kowace ta karanta shi tsaf, ta aika wa mai shi abin da ta gani ita kaɗai, ta fara da abin da ya yi kyau ta faɗi dalilin kyansa, sa'an nan ta kawo gyara. Wadda ta san ƙa'idojin rubutu ta duba wannan ɓangare, wadda ta san fiƙihu ko aikin asibiti ko shari'a ta duba nata. Manya su jawo ƙanana kamar yadda jaji take yi, su tuna cewa su ma wani ne ya yi haƙuri da su. Ita kuma wadda aka yi wa gyara ta sani ba dole ne ta karɓi duka ba, littafi nata ne, amma dole ne ta gode, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Idan littafin ya fita kasuwa kuma, a nan ne ake tsayawa bayanta gaba ɗaya, a saya, a tallata, a kare ta daga mai neman tozarta ta.

A taƙaice dai, abin da marubuciya take bin 'yar'uwarta shi ne ta karanta ta da gaske, ta gaya mata gaskiya a asirce, ta kuma tsare mata haƙƙinta da mutuncinta a sarari. Mu tuna akwai wata ta uku da ba ta cikin ƙungiyar, wato yarinyar da za ta karanta abin da muka rubuta ta ɗauka haka Hausa take, haka kuma duniya take. Ita ma tana da haƙƙi a kanmu. Allah Ya ba mu ikon faɗar gaskiya da taushin harshe, Ya ba mu juriyar sauraronta, Ya kuma ƙara haɗa kawunanmu a kan alheri, amin.